Dawakan da na saya na kasa hawa

Ranar da aka ɗora motata a kan na'urar auna ƙarfin inji, allo ya nuna ƙarfin doki 380, sai da na ɗauki hoton lambar nan har sau uku. Duk wanda muka haɗu da shi a wannan watan, ko bai tambaya ba, sai na ciro waya na nuna masa. Ba a yi wata biyar ba janwe ya jawo motar zuwa gida, ina zaune kusa da direbansa na yi tagumi.

Ƙannena masu sha'awar gyaran mota, tambayar da kuka fi yi mini ita ce dawakai nawa ne suka isa. Bari in fara da yadda na yi tawa wautar.

Motar ƙarama ce, silinda huɗu, inji lita 2, mai ja da tayoyin gaba, nauyinta wajen kilo 1,250. Da doki 150 ta fito daga kamfani. Na sa mata ƙaramin tarbo, wato abin nan da hayaƙin salansa ke juyawa yana cusa wa inji iska da ƙarfi, aka gyara lissafin ƙwaƙwalwarta, ta koma 230. Wallahi ban taɓa jin daɗin mota kamar a wannan shekarar ba. Da ka taɓa totur ta amsa, a kowace giya. Sai na haɗu da wani mai 350, daga ranar tawa ta daina burge ni, alhali babu abin da ya canza a jikinta. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Na cire ƙaramin tarbo na ɗaura babba, na canza nozul da famfon mai.

Abin da ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini shi ne inda wannan babbar lambar take zama. Ƙarfin doki lissafi ne na ƙarfin murɗawar inji haɗe da saurin juyawarsa, don haka ƙololuwarsa tana can sama, dab da jan layin agogon juyin inji. Babban tarbo kuwa ba ya farkawa sai hayaƙi ya yi yawa. Nawa ba ya motsi sai inji ya wuce juyi 4,500 a minti, ni kuma yawon cikin gari tsakanin 1,500 da 3,000 nake yin sa. Ma'ana, a inda nake tuƙi kullum, motar ta fi yadda take a da mutuwar jiki. Akwai ranar da wata tsohuwar motar ɗaukar kaya ta bar ni a danja, ina taka totur har ƙasa ina jiran dawakaina su tashi daga barci. In kuma suka tashi, gaba ɗaya suke zuwa. Tayoyin gaba su hau ƙara suna juyawa a wuri ɗaya, sitiyari yana fizgar hannuna dama da hagu. A giya ta ɗaya da ta biyu hayaƙin roba kawai nake yi, in an yi ruwa har a ta uku.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. In mota ta zabura, nauyinta baya yake komawa, tayoyin gaba su yi sakayau a daidai lokacin da ake so su kama kwalta. Kuma duk girman injinka, abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai wuce tafin hannu ba. Ta wannan ɗan wurin ƙarfin zai bi, ta nan birki zai bi, ta nan kwana za ta bi. Ni kuwa tayoyina na araha ne, don kuɗin duk sun tafi ƙarƙashin bonet.

Daga nan kaya suka fara mutuwa bi da bi. Kulochi ne ya fara, yana sulɓewa yana warin ƙuna. Na sa na tsere mai tauri, wanda a cunkoso sai ƙafar hagu ta yi tsami. Da kulochin ya daina sulɓewa, sai wahalar ta koma kan shaf, ya karye. Sai zafi. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na ƙarfin fetur ke zama tafiya, saura zafi ne da ke fita ta salansa da lagireto, don haka duk wanda ya ninka dawakai ya ninka wuta. Bugatti Veyron da ta fito a 2005 da doki 1,001, lagireto goma aka sa mata. Ni da na kamfani guda ɗaya nake fama, wanda aka auna wa doki 150. Gaskit ya ƙone, farin hayaƙi ya turnuƙe bayana, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Wannan ce ranar janwe.

Amma ba ita ce ta fi tsorata ni ba. Kafin nan, wata rana da yamma ina saukowa daga wata doguwar gangara, na ba ta wuta na taka birki, na sake ba ta wuta na sake takawa, kamar sau biyar. A na shida ƙafata ta nutse har ƙasa, babu komai a ƙarƙashinta. A gabana akwai wata mota, yara biyu a kujerar baya sun juyo suna kallona ta gilashi, ɗaya har yana ɗaga mini hannu. Na sauke giya da ƙarfin tsiya, na karkata gefen titi, tsakuwa tana dukan cikin mota, Allah Ya sa ta tsaya. Na fi minti goma a zaune hannuna yana rawa. Man birki ne ya tafasa. Sabon mai samfurin DOT 4 yana jure aƙalla digiri 230, amma yana shan danshin iska, in ya tsufa sai ya sauko wajen 155. Nawa ban taɓa canza shi ba tun da na sayi motar. Ga shi kuma in gudu ya ninka biyu, aikin da ke kan birki ninki huɗu yake yi, haka ma tazarar tsayawa.

Wani dattijon bakanike ne ya buɗe injin bayan ya ƙone. Ya daɗe yana juya tarbon a hannunsa, sannan ya ce, "Ɗana, cikin dawakan nan 380, nawa ka taɓa hawa?" Na ce, "Baba, ai duka nawa ne." Ya yi murmushi ya ce, "Naka ne, kai ke ciyar da su. Hawa na tambaya."

Na rasa amsa, don gaskiyarsa ce. Ƙaramar mota a miƙaƙƙen titi, tana gudun kilomita 100 a awa, ba ta buƙatar ko doki 30. Iska ce ke cinye sauran in an matsa sama, don ninka gudu biyu yana neman ƙarfi kusan ninki takwas. Ke nan yawancin abin da na ƙara, na wani irin gudu ne da babu titin jama'a da zan yi shi ban karya doka ko na kashe wani ba.

Ku dubi motocin da masana tuƙi ke yabo har gobe. Golf GTI ta farko, ta 1976, doki 110 gare ta da nauyin kilo 810. Mazda MX-5 ta 1989 wajen 115 ce, ba ta kai tan ɗaya ba. Kamfanonin Japan sun yi yarjejeniya tsakaninsu daga 1989 har 2004 cewa ba za su rubuta wa motar da suke sayarwa a gida fiye da 280 ba, kuma a ƙarƙashin wannan lambar Skyline GT-R da Supra da NSX suka yi suna, ko da yake wasunsu sun ɗara abin da aka rubuta. Nauyi da taya da yadda ƙarfin ke zuwa, su ne abin da jiki ke ji.

In lamba kuke so, ga tawa, kuma ra'ayina ne. Mai jan gaba da ba ta wuce kilo 1,300 ba, 200 zuwa 250 sun ishe ta har da ragi. Mai jan baya ko mai ja da ƙafa huɗu, 300 zuwa 350. Abin da ya haura haka kayan filin tsere ne. Kafin ku taɓa inji, ku fara da taya mai kyau, sai birki da sabon mansa, sai shokozoba, sai lagireto. Ku tambayi mai gyaran a wane juyi ƙarfin zai fara zuwa, wannan ya fi ƙololuwar amfani. Ku sanar da kamfanin inshora, don a ƙasashe da dama ɓoye irin wannan gyara yana hana biyan diyya. Akwai kuma gwajin da ba ya cin ko sisi: a hanyar da kake bi kullum, ka taɓa danne totur har ƙasa na daƙiƙa goma ba ka ɗaga ƙafa ba? In ba ka taɓa ba, wanda ke gare ka ma ba ka gama da shi ba.

Na mayar da ƙaramin tarbona, motar ta koma 230 da tayoyi masu kyau. Babban yana cikin kwali a bayan gareji. Kwanan baya wani matashi ya zo zai saya, har ya ciro kuɗi. Na ce ya fara kawo motar in ga tayoyinta, har yau bai dawo ba.