Albasa da Cikin Kumatu a Ƙarƙashin Maikuroskof

Duk shekara nakan yi aikin kwatanta ƙwayar halittar tsiro da ta dabba a ƙarƙashin maikuroskof da ɗaliban SS1 a Jos, kuma jar albasa nake saye a kasuwar Farin Gada, don ruwan cikin ƙwayoyinta yana da launi, ba sai an wahala ba.

Ga yadda nake yi. In yanka saɓa ɗaya na albasar, in karya ta, in zare siririn tantanin nan da hantsaki, kamar rabin farce. In shimfiɗa shi a kan gilashi cikin ɗigon ruwa ɗaya, in ƙara ɗigon aidin. Murfin gilashi kuwa a karkace nake sauke shi, a hankali. Wanda ya sake shi tim, kumfar iska za ta maƙale, ya ga zobba masu baƙin gefe ya ce ya ga ƙwayar halitta. Da hunturu kuma sai an hanzarta, domin iskar Jos takan busar da ɗigon kafin a gama saiti.

Da ƙaramin ido ake farawa, mai ninki 10, wanda in an ninka shi da idon sama da ake leƙawa, shi ma mai ninki 10, ya zama 100. Nan ƙwayoyin albasa ke fitowa a jere kamar bulo, kowace da bangonta mai tauri na wani sinadari da ake kira selulos, cibiyarta, wato ɗan dunƙulen da ke sarrafa ayyukan ƙwayar, ta matsu gefe saboda babbar jakar ruwa ta cinye tsakiya.

Ƙwayoyin dabba kuwa daga bakin ɗalibi muke samu. A goga tsinke mai auduga a cikin kumatu, a shafa a gilashi, a ɗiga shuɗin metilin, tsinken kuma a jefa shi cikin ruwan bilic. A ninki 400 za a ga ƙwayoyi a warwatse, ba su da tsayayyar siffa, wasu ma sun naɗe kamar tsumma, cibiya a tsakiya ta sha shuɗi. Rini ya yi yawa, komai ya zama duhu.

Inda nake jan dogon lokaci shi ne maganar kuloroflas, wato koren ɗigo-ɗigon da tsiro ke haɗa abinci da su a hasken rana. Ɗalibai sun haddace cewa ƙwayar tsiro tana da shi, sai su nema a albasa su rasa, wasu har su zana shi don faranta wa malam rai. Babu shi a wurin, domin kan albasa rumbun abinci ne, ba ya aikin haɗa abinci da hasken rana. Mai son ganin koren ɗigo-ɗigon nan sai ya ciro ganyen gansakuka daga jikin dutse mai laima.

Sai gwajin da na fi so. Ɗalibi kan ɗauka cewa ƙwayar tsiro bango ne kawai ya kewaye ta, ta dabba kuma siririn tantani. Duka biyun suna da tantani, na tsiro ya manne wa bango ne kawai. Cokalin shayi ɗaya na gishiri a ruwa mililita 50, a ɗiga a gefen murfin, a tsotse ta ɗaya gefen da tishu, amma a wannan gwajin fatar waje ta saɓar albasar, mai ja, ake shimfiɗawa. Cikin 'yan mintuna jan ruwan ya tsuke, ya bar bangon a tsaye wayam. A sake zuba ruwa zalla, ya kumbura ya koma. Ƙwayar jini a ruwa zalla fashewa take yi, don ba ta da bangon da zai tare ta.

Maitokondiriya da ribozom, wasu ƙananan sassa na cikin ƙwaya, ƙwayar tsiro da ta dabba duka suna da su, amma maikuroskof ɗin makaranta ba zai nuna su da wannan rini ba, shi ya sa nake hana a sa su a zanen abin da aka gani.