Sabon wurin aiki sun ce in kawo sitetimen na wata shida, ga yadda muka ƙare

Wanda ya daɗe yana zaune ba aiki, ko yana wani aikin da albashin ba ya kai shi tsakiyar wata, idan aka kira shi aka ce an ɗauke ka to a ranar ko me aka ce ya kawo zai kawo, ba ya ma tsayawa ya karanta fom ɗin. Na san wannan yanayin sosai don na shiga cikinsa, wani kamfanin rarraba kaya ne a nan Gombe suka ɗauke ni kula da sito, murna a gidanmu a Jekadafari ba a magana, Dada har sadaka ta yi. Washegari sai ga saƙo a WhatsApp daga ofishin ma'aikata da jerin abubuwan da zan turo kafin in fara: lambar asusu, BVN, hoton katin NIN, lambar fansho, lambar haraji, takardar albashin tsohon wurin aikina, fom ɗin garanto guda biyu, sannan sitetimen ɗin banki na wata shida. Kuma wai a tura cikin guruf ɗin sabbin ma'aikata da aka buɗe mana, inda ban san kowa ba sai mutum ɗaya.

Sitetimen ɗin ne ya tsaya min a rai. Na buɗe shi a waya na fara bi layi layi, wallahi abin da ke ciki ba nawa ba ne ni kaɗai. Ga sunan Addata da kuɗin da nake tura mata duk wata tun rasuwar mijinta, abin da ko ƴaƴanta ba su sani ba, ga kuɗin asibitin da na biya wa maiɗakina da sunan asibitin ƙarara, ga adashin da muke zubi da sunan uwar adashin, ga wani abokina da ya ranci kuɗi a hannuna yana biyana kaɗan kaɗan, kuma da ya zo roƙon rancen cewa ya yi don Allah ya tsaya tsakaninmu. Har mai POS ɗin da nake cire kuɗi wurinsa a Tashan Dukku yana ciki, da ranaku da lokaci. Duk wanda ya zauna da takardar nan na minti goma zai san unguwar da nake yawo, ya san ranar da aljihuna ke bushewa, ya san wa nake ɗauke da nauyinsa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, waɗannan mutanen amana suka ba ni, ban ga yadda za a yi in zuba sirrinsu a guruf don ni na samu aiki ba.

Akwai kuma wani ɓangaren da mutane ba sa lura, lokacin ba mu gama daidaitawa kan albashi ba. Mutumin da ya ga tsohon albashinka, ya ga ragowar da ke asusunka ranar 20 ga wata, ya riga ya san ko nawa ya yanka maka za ka karɓa. Wannan kam ba ƙaramin rauni ba ne a wurin ciniki.

Sai na kira Hammana, ya jima yana aikin banki, na karanta masa jerin. Ya ce min, kai don a biya ka albashi abin da ake buƙata shi ne sunan banki, sunan da ke kan asusun, da lambar nan mai lamba 10, shikenan. Lambar fansho dole ka bayar, wadda ta fara da PEN, da sunan kamfanin fanshonka, don dokar fansho ta 2014 ta ce mai aiki ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari kai kuma a cire maka kashi 8, idan ba su da lambar ina za su zuba. Kuma kada ka yarda a ce sai ka buɗe sabuwa wurin kamfanin da su suke so, lambar taka ce har ka yi ritaya duk inda ka koma aiki, idan ma kai ne kake son canza kamfanin fanshon tun 2020 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe ƙofa, sau ɗaya a shekara. Lambar haraji ma daidai ne, don su ne za su riƙa cirewa daga albashinka suna kai wa hukumar haraji ta jiha. Sauran kuma, in ji shi, je ka tambaye su me za su yi da shi.

Nan fa ake yin ta, don mu tarbiyyarmu ba ta saba da tambayar na gaba dalili ba, balle wanda ya taimake ka da aiki, gani kake kamar rashin kunya ne ko butulci, ko a ce yaron nan tun bai fara ba ya fara ɗaga kai. Ni ma na ji wannan nauyin. Amma na shirya na je ofishin da kaina maimakon in rubuta a guruf, na samu Hajiyar da ke kula da ma'aikata, muka gaisa sosai, na ce ranki ya daɗe na kawo takardun da aka ce, sai dai sitetimen ɗin ne nake neman alfarma in san abin da ake son gani a ciki, don akwai sirrin iyali da na wasu mutane a ciki da ba ni da ikon nunawa. Ta dube ni ta ce Malam ai ba wani abu ba ne, muna son tabbatar da albashin da ka ce ana biyanka a can ne, kuma tunda kaya za ka riƙe oga yana son ya san ba bashi ne ya yi maka katutu ba. Na ce to Hajiya idan albashi ne ga takardar albashina ta wata uku, kuma zan iya kawo shafin da alat ɗin albashin ya shigo in rufe sauran layukan, idan kuma maganar bashi ce akwai rahoton da kamfanonin tattara bayanan bashi ke bayarwa, irin su CRC da FirstCentral, wannan bashin kawai zai nuna ba zai nuna cefanen gidana ba. Ta yi shiru kaɗan ta ce bari ta yi magana da oga. Da yamma ta kira ta ce takardar albashin da shafin da aka rufe sun wadatar.

Abin da na fahimta daga baya shi ne jerin nan ba wanda ya zauna ya yi tunaninsa, an gaje shi ne kawai, wani ya kwafo daga wani wuri ana ta turawa, kuma tunda ba wanda ya taɓa tambaya ba wanda ya taɓa ragewa. Ba mugunta ba ce a wurinsu, amma kuma rashin mugunta ba ya hana takardarka yawo.

BVN ɗin ma mun yi magana. Tun 2014 Babban Bankin Najeriya ya kawo shi, lamba 11 ce da ta ɗaure duk asusun da kake da shi a kowane banki da sunanka da ranar haihuwarka da hoton yatsunka. Gaskiya ne da BVN kaɗai ba wanda zai cire maka kuɗi, wannan ya kamata a faɗa don wasu suna tsorata fiye da kima. Matsalar ita ce idan ya haɗu da sauran, ga BVN, ga NIN, ga ranar haihuwa, ga lambar waya, ga sunan bankinka duk a takarda ɗaya, to ɗan damfara ya samu abin da zai kira ka da shi ya ce daga banki ne, ya karanto maka bayananka daidai ba kuskure har ka saki jiki, sannan ya ce za a rufe asusunka yau sai ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka yanzu. Wannan lambar ta OTP ita ce mabuɗin, ita da lambar sirrin ATM da lambobi ukun nan na bayan kati. Ba banki ba, ba kamfani ba, ba ofishin albashi ba, babu mai hurumin tambayarka waɗannan, duk wurin aikin da ya ce ka ɗauki hoton katin ATM gaba da baya ka turo to ka san ba aiki ba ne. Su a wurinmu sun ce tsarin da suke biyan albashi da shi ne ke neman BVN don tantance suna, na yarda, amma na rubuta shi da hannuna a fom ɗin da ke ofis, ban tura a waya ba.

Kuma fa doka tana bayanmu a wannan, ba wai taurin kai ba ne. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta ƙasa, aka kafa hukumar NDPC a kanta. Dokar ta ce duk mai karɓar bayananka sai da dalili bayyananne, kada ya karɓi fiye da abin da dalilin ke buƙata, kada ya ajiye fiye da lokacin da ake buƙata, kana da ikon tambaya me aka ajiye a kanka, ka ce a gyara kuskure, a wasu halaye ma ka ce a goge. Idan kuma bayanan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da mutane, awa 72 aka ba su su sanar da hukumar. Ni ban ambaci doka a gaban Hajiya ba ko sau ɗaya, a ganina da na fara da ita da maganar ta ɓaci tun daga farko, amma sanin tana nan shi ya ba ni ƙarfin zuciyar buɗe baki.

Yanzu hanyar da takardar ke bi kafin ta isa ofis, wannan ya fi komai damuna, don yawancinmu ba mu da firinta a gida sai mun je shagon kwamfuta. Ka shiga kowane shago a wajen Babbar Kasuwa ko kusa da jami'ar jiha ka leƙa kwamfutar da ake firintin, za ka ga sitetimen ɗin mutane da katin NIN da takardar asibiti jibge a wurin da fayil ke sauka, wasu ma WhatsApp ɗinsu na buɗe a kwamfutar sun tafi sun bar shi. Masu shagon galibi mutanen kirki ne, amma yara nawa ne ke zama a kujerar nan a rana? Sannan kwafin da ya ɓaci, wanda tawada ba ta fito ba ko ya karkace, a kwandon shara yake ƙarewa, kuma duk mun taɓa sayen ƙosai ko tsire aka naɗe mana a takarda mai sunan wani da hotonsa.

Ni ga yadda na yi. Na je banki na ce su buga min shafukan da albashi ya shigo kawai, ban bi ta shago da cikakken sitetimen ba. A gida na sa baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin tawada, na shafe duk layin da ba albashi ba har da ragowar kuɗi, sannan na yi fotokwafin wanda na shafe ɗin, kwafin na kai, don idan ka ɗaga na asalin a hasken rana rubutun yana fitowa ta ƙarƙashin tawadar. Masu shafewa a waya su ma su kula, alƙalamin nan mai haske haske na gyaran hoto ba ya rufewa da gaske, ana ƙara hasken hoton rubutu zai bayyana. A kan kwafin NIN na rubuta da biro a tsakiya, ta kan rubutun yadda ba za a iya yankewa ba, cewa don ɗaukar aiki a kamfani kaza ne kawai, na sa kwanan wata. Ina tsaye aka yi fotokwafin, na karɓi har waɗanda suka ɓaci na tafi da su gida na ƙona. Takardar albashi ɗaya da sai ta imel za ta tafi, na sa mata lambar sirri na tura adireshin kamfanin ba na wani ma'aikaci ba, lambar kuma na faɗa wa Hajiya baki da baki.

Garanto kam ya kamata a ji tausayinsu. Bappana da wani malamina ne suka tsaya min, fom ɗin yana neman hotonsu da katin shaida da adireshi da wurin aiki, dattawa ne da suka amince da kai suka miƙa maka komai ba tambaya. Na yi wa takardunsu irin abin da na yi wa nawa, na sa a ambulan na liƙe na kai da hannuna, inda aka nemi BVN ɗinsu kuma na roƙi a bar shi tunda ba su za a biya albashi ba, aka bari.

Wani abin da na yi da nake ganin ya fi sauƙi ga kowa, na buɗe asusu daban don albashi kawai. Albashi na shigowa nake kwashe na gida zuwa tsohon asusuna, can ake hidimar iyali da adashi da komai. Gobe idan wani wurin aiki ko mai ba da bashi ya ce sitetimen, wannan zan miƙa ba fargaba. Na kuma sa wa layin wayata lambar sirri, don wanda ya tsinci sim ɗinka yana iya danna *565*0# ya ga BVN ɗinka, kuma hidimar banki ta danna lambobi irin wannan, wato USSD, da layin take aiki ba da wayar ba. Sai dai wanda zai sa ya nemi lambar PUK ɗinsa, wadda ake buɗe layi da ita idan ya kulle, ya ajiye tukuna, kuskure uku layin zai kulle.

Abin da ya rage min a rai shi ne guruf ɗin nan. Kafin in je ofis mutane da yawa sun riga sun tura nasu, sitetimen da BVN da katin NIN, har na wata ƴar uwa da aka ɗauka sashen kuɗi, duk suna nan kowa na iya saukewa a wayarsa, kuma wasu daga cikin ƴan guruf ɗin ma ba su zo sun kama aikin ba, sun tafi da komai a wayoyinsu. Bayan na ɗan zauna a wurin na samu Hajiya na ce ranki ya daɗe ko za a daina karɓar takardu ta guruf, a ce kowa ya kawo a ambulan ko ya tura imel ɗin ofis, sannan a cire sitetimen daga jerin sai ga wanda aikinsa ya buƙata da gaske. Ta karɓi maganar ambulan ɗin, rukunin da aka ɗauka bayanmu haka suka yi. Maganar sitetimen kuma har yanzu tana teburin oga, ni dai duk sabon da ya zo sito ina jan shi gefe in nuna masa yadda ake rufe layukan kafin ya miƙa.