Na shiga ɗakin jarrabawa a Abuja ko hula babu a kaina

Shekaranjiya na dawo Funtuwa, amma har yanzu da na sa hannu a aljihu sai in tuna matar da ta ce in zazzage shi kaf a gabanta. Jarrabawar CCNA ta kamfanin Cisco na je rubutawa Abuja, wadda na yi wata tara ina shirinta da daddare bayan na rufe shago. Shaida ce ta cewa mutum ya iya haɗa kwamfutoci su riƙa magana da juna, ya kuma iya saita na'urorin da ke raba intanet a ofis ko makaranta. Lambarta 200-301, minti 120 ake ba ka, kuɗinta dala 300. Duk wanda ya san yadda naira take a yau ya san nauyin da na ɗauko na hau mota da shi.

Abokaina sun yi ta cewa me zai kai ni wahalar hanya, tunda Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da jarrabawar, ya yarda a rubuta ta a gida. Na karanta sharuɗɗansu. Ɗaki a rufe, kai kaɗai, tebur wayam, kyamara a kunne tun daga farko har ƙarshe, kuma wani ya shigo maka ana iya soke jarrabawar. Gidanmu gidan yawa ne, ga ɗauke wuta, ga sabis da ke zuwa yana komawa. Ba zan jingina dala 300 a jikin wannan ba.

Daga Funtuwa zuwa Zariya zuwa Kaduna babu labari. Na kama jirgin ƙasa a Rigasa, ana kiran sallar la'asar na sauka Kubwa.

Kawu na sauka wurinsa, aminin mahaifina ne tun suna yara, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya ya zauna can. Ban gama gaishe shi ba Inna ta ajiye mini tuwon shinkafa da miyar taushe. Bayan isha'i ya ce, "Ɗana, kawo takardun nan in gani." Ya sa tabarau, ya shimfiɗa fasfona da lasisin tuƙina da takardar rajista a kan darduma, yana bin su harafi bayan harafi da ɗan yatsa. Can ya ɗago ya ce, "Wannan ya ce Muhammad, wancan ya ce Mohammed. Wanne ka ba su?" Gabana ya faɗi. Muka duba, Allah ya taimake ni irin na fasfo na rubuta. Ka'idarsu ita ce sunan da ke kan katin shaida ya zo daidai da na rajista, katin ya zama na asali, bai ƙare aiki ba, da hoto da sa hannu. Mu kuwa sunan mutum ɗaya sai ka same shi da rubutu uku, kowane ofis da yadda ya ga dama. Shekara nawa ina riƙe da katunan nan ban taɓa lura ba, sai da dattijon da bai san komai a kan kwamfuta ba ya gano mini. Shi ne kuma ya ce in bar jakata a gida, ya hana ni shiga kowace tasi sai wadda maƙwabcinsa ke ja, saboda ɓarayin da ke ɗaukar fasinja su yashe shi.

Da safe na isa ginin da cibiyar jarrabawar take saura awa guda. A bakin ƙofar harabar na haɗu da wani mai gadi wanda har yau raina ke ɓaci idan na tuna shi. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce, "Aboki, ina za ka?" da irin muryar da duk Bahaushen da ya taɓa zuwa kudu ya sani. Na nuna masa takarda. Wai ba a hawa sama da waya, in bar ta wurinsa in ba shi ɗari biyar. Na ce an rubuto mini cewa akwai wurin ajiya a ciki. Ya ja tsaki, ya bar ni tsaye a rana kusan minti goma kafin ya buɗe. Ba ma'aikacin cibiyar ba ne, ginin yake gadi, amma na tabbata ya ci kuɗin baƙi da yawa da wannan ƙaryar, mutanen da hankalinsu ke tashe ba su da ƙarfin musu.

A sama sai na tarar da wata duniya. Wata Bagwariya ce a kan tebur, Hausarta tas. Ta karɓi fasfo, na sa hannu a wani ɗan allo na lantarki, ta ba ni takardar dokoki in karanta. Sannan ta nuna mini jerin 'yan akwatunan ƙarfe masu makulli, kowanne bai fi a sa takalmi da 'yar jaka ba.

"Malam, kashe wayar gaba ɗaya, ba rage ƙara ba. Sai agogo."

Na cire. Walat, makullin shago, biro, katin banki. Na ɗauka an gama. Ta ce saura aljihun gaba. Na fito da carbina, da hankici, da ɓarin goro da Kawu ya ba ni, da 'yar takardar da na rubuta lissafin raba wa kwamfutoci adireshi nake bita a jirgi. Duk suka shiga akwati. Carbin ne na ɗan riƙe, ta lura, ta ce a hankali, "Yana nan yana jiranka." Ta sa na juyo da aljihunan wando waje, na naɗe hannun riga, na shafa jikina da kaina tana kallo, don su ba sa taɓa mutum. Ta ce in cire tabarau ta duba shi, saboda yanzu akwai masu kyamara a ƙafarsu.

Sai ta kalli kaina. "Hular ta addini ce?"

Dokar ta hana hula da malafa da babbar rigar sanyi, amma ta bar abin rufe kai na addini bayan an duba. Na yi shiru kaɗan. Zanna bukar ce, kuma ni na san ado ce da al'ada. Na ce mata a'a. Na cire na ɗora a kan wayata, sannan ta ɗauke ni hoto. Tun da na zama saurayi ban taɓa zama cikin baƙi kai a buɗe ba, sai na ji kamar an rage mini wani abu. Wata baiwar Allah da ta zo bayana da hijabi ba a ce ta cire ba, ta dai nuna kunnuwanta aka tabbatar babu na'ura, ta wuce. Wannan ya burge ni ƙwarai, an tsare doka kuma an tsare mutuncinta.

Abin da na shiga da shi fasfo ne da makullin akwati. Su suka ba ni wani farin allo mai santsi da alƙalaminsa, da gargaɗin kada in rubuta komai sai jarrabawa ta fara, kada in goge da kaina, idan ya cika in ɗaga hannu a sauya mini. Ko ruwa babu. Ka fita bayan gida agogo na ci gaba da tafiya.

Ina zaune ina jiran allon kwamfuta ya buɗe sai na tuna shekarar da muka rubuta jarrabawar gama sakandare a wata makaranta, ana miƙo takardu ta taga, mai sa ido ya juya baya. Na san waɗanda suka fito da sakamako mai kyau a ranar, yau ko wasiƙa ba sa iya rubutawa, kuma su suka ja aka daina yarda da takardar kowa, har da ta waɗanda suka yi karatu tsakani da Allah. A nan na daina jin zafin hular. Kamfanin da zai ɗauke ni a Legas ko Dubai bai san ni ba, bai san mahaifina ba. Abin da zai sa ya yarda da wannan shaida shi ne ya san an tuɓe mini komai kafin in zauna.

Ana farawa na zuba lambobin lissafin raba adireshin nan, 128, 64, 32, 16, 8, 4, 2, 1, a saman farin allon daga ka. Ba zan faɗi tambayoyin ba, na yi alkawari a rubuce. Abin da kowa ya sani dai, a jarrabawar Cisco idan ka wuce tambaya ba ka komawa, don haka kowace sai na yi bismilla kafin in danna. Da na gama ta miƙo mini takarda mai ɗauke da hotona, kai babu hula. Na ci. Shaidar shekara uku take aiki kafin a sabunta. Na buɗe akwati, carbin na fara ɗauka.

Murna ta kai ni wani gidan abinci a Wuse, a nan na ga abin mamaki. Kuɗin faranti guda na shinkafa da tsoka biyu zai ciyar da mutum uku a Funtuwa, kuma ko sannu ba wanda ya ce mini. Ruwan gora ma ninki. Babur an hana shi a tsakiyar birnin, don haka 'yar tafiyar da za ka yi da canji a gida sai ka ɗauki tasi. Na rasa yadda ƙaramin ma'aikaci ke kai wata a garin nan. A kasuwar Wuse na taya wa Inna atamfa, mai shagon ya fara da abin da ya fi ƙarfina, da ya ji ni ɗan Funtuwa ne, shi kuma ɗan Bakori, ya zaftare kusan kashi uku cikin goma ya haɗa ni da lemo.

Kawu ya ƙi karɓar ko sisi, ya ma cusa mini kuɗin mota a aljihu. Washegari na bi ta Zuba, na ga Dutsen Zuma ta tagar mota, muka tsaya Tafa na sayi doya. Magariba ta yi mana a Zariya.