Yinin Asabar a ƙauyenmu

Yau tun da sassafe na hau kabu-kabu na tafi ƙauyenmu, can ta wajen Madarunfa a bakin gulbi, don an ce min jikin Kaka ya motsa. Alhamdulillahi na tarar ta samu sauƙi har tana tsince wake a tabarma, tana ganina ta ce "angona, sai yau ka tuna da amaryarka?" Muka gaisa, na sha fura, sai na fito gindin tsamiya inda Baba Tsoho, wan mahaifina, yake zama.

Wallahi ban yi niyyar daɗewa ba amma hira ta ja mu har la'asar. Tambaya ɗaya na yi mishi, na ce Baba me ya sa garin nan ya maƙale a fadama alhali ga tudu can fili fetal? Sai ya gyara zama ya ce ɗana tsoro ne ya kafa garin nan. Lokacin da masu jihadi suka ci Katsina a 1807 sarautar ta watse ta yo arewa, daga baya Sarki Ɗan Kasawa, na gidan tsohuwar sarautar Katsina, ya zauna Maradi, to mutanenmu suna cikin talakawan da suka biyo baya, kuma a zamanin nan yaƙi bai ƙare ba, yau a kai hari gobe a rama, har zamanin Sarkin Maradi Ɗan Baskore ana ta yi, shi ya sa kowa ya lafe a kurmin gulbi inda mahayi ba ya iya sukuwa. Ya ce kakan kakanmu maharbi ne, shi ya sare wurin ya gina rijiya aka kewaye gidaje da kafi. Sai da ƙura ta lafa zamanin Turawa sannan mutane suka bazu kan jigawa suna kafa Gidan wane da Gidan wane.

Ya kama hannuna ya kai ni bayan masallaci ya nuna min wani ɗan kwari da na sha tsallakewa ina yaro, ashe ramin kafin ne. Rijiyar ma tana nan, bakinta duk guga ya ci itacen ya yi zurfi, yanzu an koma famfo sai masu shayar da dabbobi ke zuwa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda yake lissafin shekaru, ba ya cewa shekara kaza, sai ya ce an haifi wane bayan Kakalaba, yunwar nan ta 1913 zuwa 1914, wance kuma an yi mata aure shekarar da gulbi ya cinye tsohon Maradi, wato 1945 da aka maida gari kan tudu. Yunwar El Buhari ta 1984 kuwa da idonsa ya gani, rumbuna wayam, samari duk sun tafi cin rani. Ya ce bayan nan ne suka daina sare kowane tsiro a gona, ga gawo nan yanzu ya dawo ko'ina, gero na jin daɗin ƙarƙashinsa.

A lakwal an koya mana sunayen sarakuna, to madalla, amma wanda ya gina rijiyar da ta shayar da zuri'a guda fa? Babu shi a takarda ko ɗaya, yana bakin tsoho ɗaya da haƙoransa suka zube, kuma wannan abin yana damuna sosai. Na kunna waya na ɗauki muryarsa har caji ya ƙare, bai ma kai ga labarin bikin dubu da kakansa ya yi ba, lokacin da ya noma dami dubu aka naɗa shi sarkin noma.

Bayan magariba na iso Maradi, na sa waya caji na tura muryar a WhatsApp na dangi. Ƙanena da ke Agadas ya kira nan take, wai in na koma bayan girbi in tambayi Kaka ita ma, don ta fi Baba sanin gidajen da aka auro matan farko na garin.