Daga Kwangila zuwa Fanteka: abin da ke sa haɗin sinadarai gudu ko rarrafe

Ƙarfe bakwai na safe motarmu ta tashi daga Kwangila a Zariya, tsakiyar hunturu, hazo ya rufe hanyar Kaduna. A Mararrabar Jos direba ya tsaya sauke kaya, na sayi kindirmo wurin wata Bafulatana. Tsululu, bai kama ba.

"Inna, yau kuma lafiya?"

"Sanyi ne, ɗan nan. Sai na naɗe ƙwaryar da zane na kai ta gindin murhu, duk da haka ka ga yadda ya fito."

Tana da gaskiya. Ƙwayoyin halittar da ke tsamar da madara sun fi kuzari tsakanin digiri 40 da 45 na ma'aunin Salshiyos, inda awa huɗu zuwa shida kan wadatar. A sanyin asuba kuwa sai su kwana suna jan ƙafa. Haɗe-haɗe da dama kan ninka saurinsu kusan sau biyu da ƙarin digiri 10, domin ƙwayoyin sinadari suna ƙara yawan karo da juna, kuma da ƙarfi. Sai dai mai rai yana da iyaka: ka zuba iri a madarar da ta haura digiri 60, ka kashe shi.

Daga Kawo a Kaduna na hau Keke Napep zuwa tsohuwar Fanteka, kasuwar masu ƙere-ƙere, inda ƙarar guduma ke hana jin sallama. A rumfar wani mai walda na zauna. Tukunyar gas ɗinsa gangar ƙarfe ce mai ruwa a ciki, da ɗan kwando na zuba kabayid, wani dutsen sinadari. Da ruwa ya taɓa dutsen sai iskar asetilin, wadda ake kunna wutar walda da ita, ta taso, farin taɓo ya kwanta a ƙasa. Kilo guda mai kyau yana ba da kusan lita 300.

Yaronsa ya karkato gwangwani zai juye garin da ya rage a gindi. Maigidan ya daka masa tsawa: "Kai, so kake ka tashe mu?" Ya tsinto duwatsu kamar goro ya sa da kansa.

Ga lissafin da ke bayan tsawar. Dutse mai santimita 4 kowane gefe, fuskarsa da ruwa ke iya taɓawa murabba'in santimita 96 ce. Farfasa shi zuwa milimita ɗaiɗai, ya zama gutsure 64,000, fuskar ta koma 3,840, ninki arba'in ke nan alhali nauyin bai canja ba. Iskar da ya kamata ta riƙa fita sannu a hankali sai ta taso a lokaci guda, ga zafin da haɗin kansa ke fitarwa yana ƙara masa gudu. Asetilin kuwa ba ta son matsi. Ta wuce fam 15 a agogon tukunya, tana iya fashewa ko babu oksijin a ciki. Ba a kuma yi mata bututun jan ƙarfe, don haɗuwarsu na haifar da sinadari mai fashewa.

Na tsaya kallon yankan farantin ƙarfe. Ya gasa bakin har ya yi ja, wajen digiri 900, sannan ya danna oksijin zalla. Ƙarfen ne da kansa ke ci da wuta. Ƙarfe da oksijin ɗin nan su ne ke yin tsatsar da ke ɗaukar shekaru tana cin kwanon rufi, amma iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 kawai take da shi. Shi ya sa ba a kusantar bakin tukunyar oksijin da hannu mai giris, don a oksijin zalla giris na iya kamawa da wuta.

A layin masu gyaran jikin mota, ma'aunin bodi fila, kwaɓin da ake cike lotsewar mota da shi, kashi 2 ne cikin 100 na hadina, sinadarin da ke sa shi daskarewa. Da safe kwaɓin yana ba ka kusan minti goma, a jikin motar da ta sha rana kuwa kafin minti uku ya daskare. Masu gaggawa kan ƙara hadina da sanyi, daga baya aikin ya yi ƙananan ramuka, tabo ya fito ta cikin fenti. Ka rage kuma, ya zauna kamar danƙo yana toshe samfefa. Ni dai gara a ɗumama wurin.

Da la'asar wani makanike ya nuna mini abin da suke kira indomi, wanda aka ciro daga salansa: saƙar zuma ce ta tangaran, an shafe ta da filatinam da faladiyam da rodiyam. Waɗannan 'yan zuga ne, suna hanzarta ƙona gubar hayaƙi ba tare da sun ƙare ba, amma sai sun yi zafin digiri 250 zuwa 300 suke fara aiki. Wannan indomin ya narke ta tsakiya. Fulogi ɗaya ne ya mutu, ɗanyen fetur ya riƙa gangarowa yana ci a cikinsa har ramukan suka toshe, motar ta kasa hawa gadar Kawo.