Gurbi 256 kacal muke da shi

A gasar golf ta masu rubuta shirin kwamfuta, wanda ya warware matsala da bayit mafi ƙaranci (bayit shi ne ma'aunin da ake auna girman shiri da shi) shi ne gwani. Ni ina cikin masu kula da wani ƙaramin harshen rubuta shiri da aka gina don wannan gasa, muna ƙara masa umarni muna gyara tsofaffi. Babban abin da aikin ya koya mini shi ne yadda ake hana umarni mai kyau shiga, ba tare da mai roƙon ya ji an raina shi ba.

Lissafi ne ya tilasta hakan. Bayit ɗaya ba ya ɗaukar fiye da ƙima 256, wato gurbi 256 ke nan. Shi ya sa harsuna irin namu kamar Jelly, wanda Dennis Mitchell ya fitar a 2015, da 05AB1E suka tsara teburin haruffa nasu, domin kowane harafi ya ci bayit ɗaya tak. In ka ware wa lambobi da alamomin rubutu da na tsari rabonsu, abin da ya rage bai kai yadda ake zato ba. Duk umarnin da ka ba gurbi guda, wani ka tura ya koma bayit biyu, kuma a wannan gasa bayit ɗaya na iya raba na ɗaya da na biyu.

To wa za a ba? Yanzu in roƙo ya zo, ba na kallon kyan umarnin. Nakan tattaro tsofaffin amsoshi in duba abin da hannun mutane ke yawan maimaitawa. In na ga ana ta jera lambobi daga ƙarami zuwa babba don kawai a ɗauki ta ƙarshe, na san ana neman umarnin da zai zaƙulo mafi girma kai tsaye. A Jelly ma akwai ÆP, umarni mai bayit biyu, mai gwada ko lamba ba ta rabuwa sai da kanta da ɗaya, ga kuma Ẓ mai yin aikin nan da bayit ɗaya, saboda tambayar ba ta ƙarewa a gasa.

Wani lokaci ma ba a buƙatar sabon gurbi. Harshen GolfScript na Darren Smith, tun 2007, ya nuna hanya: alamar * tana ninka lambobi biyu, tana maimaita rubutu in an haɗa shi da lamba, tana kuma haɗe jeri in an ba ta abin sakawa tsakani. Don haka nakan fara tambayar ko akwai tsohon umarni da ke zaune ba aikin yi idan aka miƙa masa rubutu maimakon lamba. Sai dai ina son sabuwar ma'anar ta zama ƙanwar tsohuwar, yadda mai amfani zai iya cankar ta ko bai buɗe littafin bayani ba.

Taɓa tsohon umarni kuwa, nan ne nake tafiya a hankali. Wani ya kwana yana aske amsarsa har ta koma bayit bakwai, kuma ta dogara ne da wata ɗabi'a da ba mu taɓa rubutawa ba, misali cewa jimillar jerin da babu komai a ciki sifili ce, ninkinsa kuma ɗaya. Kafin kowane sabon fitarwa, sai mun bi tsofaffin amsoshin nan mun gwada su duka, wadda ta karye kuma mu rubuta lambar sigar da take aiki da ita.