Ranar da na sauka kwarin Ngel Nyaki

Laraba, Nguroje, kan tsaunin Mambila a jihar Taraba, bayan sallar Isha'i.

Ina wannan rubutu ne lulluɓe da bargo biyu, ƙafafuna cikin robar ruwan ɗumi da matar Kawu ta barbaɗa wa gishiri. Cinyoyina zogi suke yi, diddigen dama ya yi bororo. Amma rabon da in ji zuciyata wasai kamar yau tun kafin azumi.

Wanda bai taɓa zama a kan keken ɗinki ba, da wuya ya san abin da ake nufi da ɗinkin sallah. Daga tsakiyar Sha'aban har daren Babbar Sallah, kusan wata huɗu ke nan, bayana a tanƙware yake. A shago nake kwana, hayaƙin janareto a hanci, masu kaya a tsaye a kaina kowa da ranar da aka yi masa alkawari. Da sallah ta wuce na rufe shago na kwanta kwana uku, ina zaton hutu ke nan. Idona a rufe, amma ƙarar keke tana cikin kunnena, ina ta lissafin shaddar wane da ba a yi wa aiki ba, da awon wane da yaro ya ɓatar. Na tashi da gajiyar da ta fi wadda na kwanta da ita. A nan ne Kawu ya kira ya ce, "Ɗana, ka bar Kano haka nan, ka taho ka sha iska." Kwana biyu na yi a hanya, ta Jalingo, Bali, Serti, sannan hawan nan na Mayo Selbe da mota ke murɗawa kamar maciji har sai kunnen mutum ya toshe.

Yau da asuba ruwan alwala kamar ƙanƙara. Da muka fito masallaci hazo ya rufe garin, ba ka ganin wanda ke gabanka sai dai ka ji takunsa. Muka sha shayi da burodi, shayin ma na nan ne, ganyen da ake nomawa a Kakara. Ni da babban ɗan Kawu muka hau acaɓa zuwa ƙauyen Yelwa, inda wani saurayi da ya san dajin yake jiranmu. Daga nan sai ƙafa.

Sa'a ta farko duk a fili muka yi ta, tudu bayan tudu, ciyawa kore shar har iya ganin ido, jajayen shanu masu dogon ƙaho suna kiwo a warwatse. Ban daɗe ba na fara haki, abin ya ba ni mamaki, don tun bara da likita ya ce mini hawan jini ya fara leƙo ni nake tafiyar ƙafa bayan asuba, in zagaya ta Ƙofar Mata in dawo, ranar Asabar kuma in hau Dala. Ɗan Kawu ya ce, "Yaya, a hankali. Nan ba Kano ba ce." Gaskiyarsa. Kano ba ta kai mita 500 daga saman teku ba, tsaunin Mambila kuwa yana wajen mita 1,600. Iskar sama ba ta da nauyin ta ƙasa, kowane numfashi da ka ja abin da yake kai wa jini bai kai wanda ka saba ba, dole zuciya ta ƙara bugu. Shi ne kuma dalilin sanyin, don duk mita dubu da ka hau zafi yakan ragu da kimanin digiri shida. Jagoranmu ya koya mini in rage faɗin taku, in daidaita numfashi da ƙafa, taku biyu shaƙa, taku biyu fitarwa. Da na bi haka sai tafiyar ta zauna.

Wajen ƙarfe tara rana ta fara cinye hazon. Muna kan wani tudu sai kawai ƙasa ta yanke a gabanmu, ga daji baƙi ƙirin saboda duhuwa ya cika gangaren kwari, farin gajimare yana tashi daga cikinsa kamar hayaƙin girki. A ƙasa da mu gajimaren yake! Na tsaya na kasa cewa komai sai Subhanallah. Shekaruna arba'in da ɗoriya ina ɗaga kai in ga gajimare, yau ga shi ina sunkuyawa.

Dajin Ngel Nyaki ke nan, gandun da aka keɓe tun 1969, ɗaya daga cikin 'yan dazuzzukan kan tsauni da suka rage a ƙasar nan. Akwai masu bincike da ke aiki a bakinsa, da yawan ma'aikatansu 'yan Yelwa ne, suna renon 'ya'yan itatuwa a leda suna dasawa inda wuta da kiwo suka cinye. Wannan ya burge ni ƙwarai. Itacen da mutum ya dasa yau a nan, jikansa ne zai ga girmansa, amma suna yi.

Gangarawa ta fi hawa cin gwiwa, wannan yau na sani. Ƙasar jiƙe take, santsi ko'ina, sai ka kama saiwa ko kurangar itace kafin ka sauke ƙafa. Cikin dajin kuwa wata duniya ce. Rana ba ta isowa ƙasa sai ɗigo-ɗigo, jikin itatuwa duk gansakuka, ƙamshin ruɓaɓɓen ganye da danshi, ga kukan tsuntsayen da ban taɓa ji ba. Mun ga birai masu farin hanci suna tsalle can sama. Jagora ya nuna mana wata sheƙa ta rassa a ƙololuwar itace, ya ce makwancin manyan biran nan ne da ake kira cimfanzi, kowane dare sabuwa suke yi. Su kansu ba mu gan su ba, kuma ban ji haushi ba. Gidansu ne, mu baƙi ne.

A gindin kwarin akwai rafi mai sanyi. Muka yi alwala, muka yi Azahar a kan wani falalen dutse, muka ci ayaba da fiya da ƙuli-ƙuli. Ina kallon ruwan na tuna da madatsar wutar lantarki ta Mambila da tun ina yaro ake cewa za a gina, har aka taɓa cewa za ta ba da megawat 3,050, wadda har yau magana ce. Na tuna kuɗin man janareton da na ƙona bana. Zuciyata ta fara ɗaukar zafi, sai na lura wannan ne karo na farko tun safe da shago ya faɗo mini a rai. Awa shida cur! Ni da ko a sujada lissafin yadi yake bi na.

Sai hawa. A nan aka yi ta. Tun ba mu yi rabi ba ƙafafuna suka fara rawa, ƙirjina kamar ana hura wuta, gumi yana zuba duk da sanyin. Sau ɗaya na zauna a kan saiwa na ce a raina ba zan iya ba. Ɗan Kawu bai lallashe ni ba, bai kuma yi mini gaggawa ba. Ya miƙo gora ya ce, "Yaya, kada ka dubi sama. Ka ga wancan itacen? Shi kaɗai za mu je." Muka je. Ya sake nuna wani. Haka muka yi ta yi, itace bayan itace. Can wani abu ya sauya a jikina, zafin bai tafi ba amma ya daina ba ni tsoro, numfashi ya koma kan taku, kaina ya zama fayau babu komai a ciki sai ƙafa da ƙasa. Na san irin wannan hali a kan keke, idan hannu ya kama aiki har ka manta da kanka, sai dai na keke yana barin ka a ƙuntace, wannan kuwa buɗe ni yake yi.

Da muka fito fili iska ta buge ni, hawaye suka zubo mini, ban ɓoye su ba. Wani dattijo Bafulatani da ke kiwo kusa ya taho ya gaishe mu, ya dubi takalmina da taɓo ya ce, "Daga ƙasa kuke?" Na ce, "Daga ƙasa muke, Baffa." Ya jinjina kai, ya aika yaronsa ruga ya kawo mana kindirmo a ƙwarya, ya ƙi karɓar ko sisi. Ya nuna mana gabas da sandarsa, wajen iyakar Kamaru, inda Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mita 2,419. Gajimare ya rufe wajen, ba a ganin komai, amma na daɗe ina kallo.

Ruwan sama ya kama mu dab da Yelwa, muka iso gida sharkaf. Kawu ya dube ni ya ce fuskata ta dawo irin ta lokacin da nake yaro. Na kira uwargida na ce ta gaya wa yaran shago ba zan dawo ba sai Litinin ta sama, kuma daga bana, ko ana tsakiyar ɗinkin sallah, ƙarfe goma na dare za a rufe, tafiyar asuba kuma ba zan sake ajiye ta ba. Ta ce Allah Ya sa in cika. Na ce amin.

Ruwan robar ya huce. Gobe in ƙafa ta yarda, Kakara za mu je mu ga gonar shayi.